Komawa aji a Ingila bayan na haura shekara arba'in da haihuwa: in tafi ni kaɗai ko in haƙura?

Baban Walida (Kano):

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu albarka, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Ni ma'aikacin gwamnati ne a sashen kuɗi, shekaruna 44, ina da mata da 'ya'ya huɗu, babbarsu tana aji biyar na sakandare, kuma mahaifiyata tana zaune tare da mu. Rabona da zama a aji a matsayin ɗalibi tun 2006. Yanzu wata jami'a a arewacin Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin kula da kuɗaɗen gwamnati, kuɗin makarantar fam 16,500 ne, kuma ni zan ɗauki nauyin kaina da abin da na tara da kuɗin wani fili da na sayar. Mafi yawan bayanan da nake samu daga matasa suke fitowa, waɗanda babu nauyin kowa a kansu. Ina so in ji daga bakin wanda ya tafi da furfura a gemunsa: yaya mutum yake sabawa da karatun, da zaman garin, da nisa da iyali? Tafiyar ta dace da mai shekaruna, ko kuwa in haƙura?

Abu Hanan (Bradford):

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa alheri. Ina da shekara 41 na zo ƙasar nan, saboda haka zan fara da abin da ya fi komai tasiri a zaman magidanci, wato dokar iyali. Tun daga watan Janairun 2024, ɗalibin da ya zo digiri na biyu irin wanda ake koyarwa a aji ba shi da damar kawo matarsa ko 'ya'yansa a kan bizarsa. Waɗanda aka bar wa wannan dama su ne masu digirin digirgir, da masu digiri na biyu na bincike zalla, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas ɗin da ya wuce wata shida. Ba ka cikin ko ɗaya daga cikinsu, don haka ka ƙudurta a ranka cewa kai kaɗai za ka zo. Kada kuma wani ya ce maka idan ka gama sai ka ɗauko su a kan bizar zama ta bayan karatu, domin wannan biza ba ta karɓar iyalin da ba su shigo tare da kai tun kana ɗalibi ba. Ita kanta shekara biyu ce, kuma gwamnati ta sanar cewa za ta koma wata 18 ga masu nema daga 1 ga Janairun 2027.

Sai lissafi, wanda dama sana'arka ce. Bayan kuɗin makaranta, dole ka nuna kuɗin zama na wata tara a asusunka, su yi kwana 28 a jere ba su ragu ba. A farkon 2025 adadin fam 1,136 ne a wata ga wanda zai zauna a wajen Landan, fam 1,483 kuma a Landan, an sake ƙara shi bayan nan, saboda haka ka duba shafin gwamnatin Birtaniya a makon da za ka nema. Akwai kuɗin kula da lafiya fam 776 a shekara, kuma tun da bizar kwas na wata 12 takan zarce shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi za ka biya, wato fam 1,164, ban da kuɗin bizar kanta da gwajin tarin fuka da tikitin jirgi.

Aiki kuma awa 20 kaɗai aka yarje maka a mako muddin ana cikin zangon karatu, kuma ba ka da izinin yin sana'ar kanka ko wani kasuwanci. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya da aka tsayar a Afrilun 2025 fam 12.21 ne, kenan kusan fam 244 a mako a lokacin. Wannan zai biya maka hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka da abinci da kuɗin bas, amma ba zai biya kuɗin makaranta ba, ba kuma zai riƙe gida biyu ba. Yawancin ayyukan da ake samu da sauri na ɗaukar kaya ne a manyan ɗakunan ajiya, ko kula da tsofaffi, ko goge-goge da dare, kuma jikin mai shekara 44 yana jin tsayuwar awa takwas fiye da na mai shekara 24.

Malam Mai Alli (Zariya):

Ni ra'ayina ya bambanta da na masu ƙarfafa gwiwa, kuma zan faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Malam, kai albashinka da naira yake shigowa, bashin da za ka ɗauko kuma da fam za a biya shi. Mun ga abin da ya faru bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023: mutanen da suka bar gida da lissafi cikakke suka wayi gari abin da suka tanada bai kai rabin abin da ake bin su ba, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024. A watan Mayun 2024 aka ruwaito yadda Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya saboda sun gaza biyan kuɗi a kan lokaci, aka kuma sanar da hukumar shige da fice. Hukumar TETFund ma, wadda ta daɗe tana tura malaman manyan makarantu ƙasashen waje, ta dakatar da wannan ɓangare daga Janairun 2025, tana mai dogaro da tsadar abin da kuma rashin dawowar wasu. Idan hukuma mai kasafin kuɗi ta ja da baya, me zai sa magidanci ya sayar da filinsa ya shiga? Jami'ar Bayero tana bakin ƙofarka, Jami'ar Ahmadu Bello ba ta da nisa, kuma takardar da za su ba ka za ta ƙirgu a wurin ƙarin girma kamar waccan.

Baban Walida (Kano):

Na gode ƙwarai, Malam Mai Alli, kuma maganarka abin dubawa ce. Dalilina shi ne ofishinmu yana yawan aiki da hukumomin ƙasashen waje masu ba da rance da tallafi, kuma ina ganin gurabun da suke wuce ni saboda rashin irin wannan horo. Niyyata in dawo bakin aikina, na kuma nemi hutun ƙaro ilimi. Kuɗin makarantar gaba ɗaya yana hannu. Tsorona ya fi karkata ga karatun kansa, ko ƙwaƙwalwar da ta yi kusan shekara ashirin ba ta rubuta jarrabawa ba za ta iya ɗauka.

Maman Nana (Birmingham):

Yayana, a kan wannan tsoro zan yi magana, domin na yi digiri na biyu da na uku a nan, na fara kuma ina da shekara 39 bayan na daɗe ina koyarwa a makarantar aikin jinya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma a abin da na gani, babba ya fi yaro abin faɗa a aji, saboda idan ana maganar kasafin kuɗi ko almundahana a sayen kayan gwamnati, kai ka taɓa abin da hannunka, su kuma a littafi suka karanta. Malamai suna daraja wannan matuƙa. Abin da yake kayar da manya shi ne tsarin karatun da kuma saurinsa.

Digiri na biyu a nan maki 180 ne na nauyin darasi, ana kuma ƙiyasta kowane maki ɗaya da awa 10 na aiki, kenan awa 1,800 cikin wata 12. Daga ciki, zaman aji ɗan kaɗan ne, wataƙila kwana biyu ko uku a mako, sauran duk kai ne da laburare. Babu wanda zai karanta maka darasi ka rubuta, babu kuma takardar malami da za ka haddace ka mayar masa. Za a ba ka jerin maƙalu ka karanta kafin ka shigo, a aji kuma a tambaye ka inda ka yarda da marubucin da inda ka saɓa masa, da hujjarka. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa ja da malami rashin kunya ne, wannan yana mana nauyi sosai. Kafin ka gama gane ina aka dosa, ayyukan zangon farko sun taso maka a Disamba da Janairu, na biyu ya ƙare wajen Mayu, sai kundin bincike a lokacin bazara, wanda shi kaɗai yakan ɗauki maki 60.

Ka san ma'aunin sakamako tun yanzu don kada ranka ya ɓaci a banza: 50 shi ne ci, 60 kyakkyawan sakamako ne, 70 kuma shi ne mataki mafi girma. Na ga magidanta sun kwana cikin damuwa saboda sun sami 62, alhali abin a yi musu barka ne. Sai batun satar rubutu, wanda ba a wasa da shi ko kaɗan. Kusan kowane aiki sai ya bi ta manhajar Turnitin mai gano kwafin rubutu, kuma ɗauko jimlar wani ba tare da ambaton mai ita ba laifi ne ko da ba da niyya aka yi ba. Tun kana Kano ka sauke manhajar Zotero ko Mendeley ka koyi yadda ake tsara madogara da su, ka kuma horar da yatsunka a kan buga rubutu da sauri, domin wanda ya saba sakatare yana buga masa wasiƙa zai sha wuya da maƙala mai kalma 4,000.

Amma abin da ya fi duk waɗannan zurfi shi ne batun girma. A ofishinka ana tashi tsaye idan ka shigo, a unguwa ana kawo maka ƙara ka raba gardama. A nan yarinyar da ba ta wuce sa'ar ƙanwarka ta ƙarshe ba za ta kira sunanka gatsal, ita ce kuma za ta duba aikinka ta ja jan layi a ƙarƙashin sakin layin da ka fi alfahari da shi. Kai ma da sunanta za ka kira ta, babu Dokta babu Farfesa, kuma ba raini ba ne a wurinsu. Manyan da na ga sun wahala su ne waɗanda suka ji kunyar cewa ba su gane ba. Kowace jami'a tana da sashen koyar da rubutun ilimi kyauta, da ma'aikacin laburare na fanninka, da awannin da malami yake zaune a ofis don ɗalibai kawai. Matasa suna cika waɗannan wurare, manya kuma suna kauce musu har sai sakamakon farko ya fito.

Ɗan Autan Aji (Sheffield):

Ina neman afuwa da zan sa baki a maganar manya. Shekaruna 25, kuma a ajinmu akwai iyayenmu biyu daga gida. Abin da zan roƙi Baba shi ne batun aikin rukuni, domin akan haɗa mutum huɗu ko biyar daga ƙasashe daban-daban a ba su maki ɗaya. Mu 'yan gida muna jin nauyin gaya wa babba cewa ɓangarensa bai yi ba ko ya makara, 'yan Sin da 'yan Indiya da Turawa kuma ba su san wannan nauyi ba, sai a sami saɓani. Ɗaya daga cikin iyayen namu tun ranar farko ya ce mana mu riƙa gyara masa ba tare da jin kunya ba, mu muna nuna masa yadda ake amfani da shafin jami'a da manhajojin lissafi, shi kuma yana warware mana yadda abubuwa suke gudana a ainihin wurin aiki. Rukuninsa ne kowa yake so ya shiga.

Hajiya Umman Yara (Kaduna):

Duk waɗanda suka yi magana sun yi ta ne daga ɓangaren mai tafiya, ni kuma zan yi daga ɓangaren wadda aka bari. Maigidana ya yi irin wannan karatu a Sikotland, ni ina gida da yara biyar da surukata mai fama da hawan jini. Malam, kafin ka tambayi mutanen wannan zaure, ka zauna da uwargidanka ka tambaye ta, tambaya ta gaskiya wadda za ta iya amsawa da a'a. Duk abin da kake yi a gidan nan ba tare da ka lura ba, kanta zai koma: kai Hajiya asibiti da tsakar dare, zuwa makarantar yara idan an kira iyaye, rigimar mai gyaran famfo, ta'aziyya da suna da biki na danginka, da tsawatar wa yaro namiji da ya fara jin ƙarfinsa. Babbar 'yarka kuma za ta shiga shekarar jarrabawar fita sakandare ba ka nan.

Abin da ya taimake mu shi ne ya bar kuɗin cefane da na makaranta na shekara guda a asusun da ni nake da iko da shi, ba a hannun wani ɗan'uwa da zan riƙa bi ina roƙo ba. Ya kuma tara 'yan'uwansa ya bayyana musu a gabana wane ne zai ɗauki wane nauyi, ya gaya musu ƙarara cewa ɗalibi ne ya tafi, kada kowa ya sa ran aike. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin da zarar an ji mutum yana Turai, buƙatun dangi sukan ninka, shi kuma yana can yana lissafin kuɗin burodi. Muka kuma tsayar da lokacin waya kowace rana bayan isha'inmu. Da bazara agogonmu da nasu ɗaya ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuma muna gabansu da awa ɗaya, saboda haka nisan lokaci bai taɓa zama hujjar rashin kira ba.

Malam Mai Alli (Zariya):

Hajiya ta faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ƙayyade wa mayaƙa tsawon lokacin da za su yi nesa da matansu, wata huɗu ko shida bisa bambancin ruwayoyi. Idan an yi wa mai jihadi iyaka, mai neman digiri ya fi cancanta ya nemi yardar iyalinsa ya kuma sa kuɗin zuwa gida cikin lissafinsa tun farko. Har yanzu ina kan bakana cewa a gida ya fi, amma tun da kuɗin makarantar yana hannu kuma niyyar dawowa ce, damuwata ta ragu. Ina dai ba da shawara ka gwada Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ko tallafin Commonwealth kafin ka taɓa kuɗin filin. Chevening tana neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, ba ta da iyakar shekarun haihuwa, kuma sharaɗinta shi ne ka koma ƙasarka na shekara biyu bayan kammalawa, abin da dama shi ka yi niyya.

Abu Hanan (Bradford):

Na goyi bayan neman tallafin, sai dai a sani cewa ana buɗe neman Chevening ne wajen watan Agusta a rufe kafin ƙarshen shekara, don karatun shekara mai zuwa, kenan sai an ɗage tafiyar. Bari in ƙara da zaman garin, wanda ba a taɓa shi sosai ba. Sanyi ana maganinsa da riga mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga, kuma a nan ya kamata ka saye su. Duhu ne ba a shirya masa. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa cikin kusan awa huɗu, sau da yawa kana tsakiyar darasi. A Yuni kuma asuba tana yi tun wajen ƙarfe uku, isha'i sai kusan sha ɗaya na dare. Yawancin jami'o'i suna da ɗakin salla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ka neme su a makon farko. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan bitamin D daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, masu baƙar fata kuma duk shekara. Ka yi rajista da likitan unguwa da zarar ka sami adireshi, kada ka jira sai ciwo ya zo, musamman idan kana shan maganin hawan jini ko na suga; ka taho da takardar likitanka da maganin da zai kai ka 'yan makonni.

Mutumin da ya saba cin abinci a tsakiyar 'ya'yansa, ya fita masallaci a gaisa da shi sau biyar a rana, idan ya koma ɗaki ɗaya a cikin gidan da maƙwabcinsa bai san sunansa ba, kaɗaicin yana iya taɓa barcinsa da karatunsa. Idan hakan ta faru, jami'a tana da masu ba da shawara a asirce, akwai kuma tsarin neman ƙarin lokacin miƙa aiki saboda rashin lafiya ko rasuwa a gida, amma sai ka nema kafin wa'adi ya cika ko dab da shi, da shaida a hannu. Ka guji ɗakunan kwanan 'yan digirin farko saboda hayaniyar dare, ka nemi na manyan ɗalibai. Idan gidan haya ne a gari, a Ingila doka ta hana a karɓi kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar a irin waɗannan gidaje, ɗalibi na cikakken lokaci kuma ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma idan ya kai takardar shaida daga jami'a. Naman halal ba matsala ba ne a Bradford ko Manchester ko Leeds, amma ka koyi dafa miya biyu ko uku a wurin uwargida kafin ka taso, ka kuma taho da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Kilishi da duk wani nama ko kayan madara haramun ne a shigo da su daga Najeriya, za a ƙwace a filin jirgi.

Baban Walida (Kano):

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare mun zauna da uwargida kamar yadda Hajiya ta ce, kuma abin da ta nuna damuwa a kai shi ne jarrabawar Walida da jikin mahaifiyata. Mun tsaya a kan in nemi jami'ar ta ɗage mini gurbin zuwa Satumba mai zuwa, in yi amfani da wannan tsakani in nemi Chevening, in kuma koyi abubuwan da Maman Nana ta lissafa. Tambayata ita ce, ɗagewar tana yiwuwa, kuma me zan yi hattara da shi?

Maman Nana (Birmingham):

Tana yiwuwa a jami'o'i da yawa, Yayana, galibi sau ɗaya na shekara guda, amma sai ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai tun kafin su fitar maka da lambar CAS, wadda da ita ake neman biza, domin wata shida kaɗai take aiki. Ka tambaye su a rubuce ko kuɗin makarantar zai tsaya a fam 16,500 ko zai bi farashin sabuwar shekara, da kuma makomar kafin alƙalamin da ka biya idan ka riga ka biya. Idan da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS aka ɗauke ka, ka duba ranar da ka rubuta, domin shekara biyu yake yi, gwajin tarin fuka kuma wata shida, saboda haka kada ka yi shi yanzu. Kuɗin filin kuma ka yi shawara da bankinka a kan ajiye shi a asusun kuɗin waje, tun da da fam za a karɓa a hannunka.